Gwaggo Ta Gaje Kujerata a Ɗakin Aikin Auta

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma babu wanda zan faɗa wa a gida bai yi mini dariya ba. Mu dai muna nan. Maigida lafiya ƙalau in ban da hawan jininsa da muka saba da shi. Babban ɗana da matarsa lafiya, jikata ta yi mura ta warke. Ƙanwar maigida, wadda yara ke kira Gwaggo, ita ce ke fama da gwiwa, ta zo wurinmu ganin likita. Ni jikina lafiya, zuciyar ce babu daɗi. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya, sai da na aurar da ɗa sannan na shiga ajin manya.

Maganar a kan 'yata ce, Auta. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta, daga gida take yi, a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin. Teburinta yana bakin taga, a gefensa akwai wata kujerar roba mai tsagaggen hannu. Wannan kujerata ce. Tun tana makaranta, in lissafi ya cije mata sai ta zaunar da ni ta yi ta yi mini bayani, ni kuwa a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Ina gyaɗa kai, ina gyaɗa kai, can sai ta tafa hannu ta ce ta gano, ta rungume ni. Abin da ya kai ni aji ke nan. Na ce wata rana sai na fahimci abin da yarinyar nan take faɗa, in daina zama a gabanta kamar buhu.

Tun watan jiya take fama da wani gwaji. Yadda na fahimta, manhajarsu tana da wani mai gadi a cikinta. In wurin da waya ke riƙe aikin da take yi, wanda suke ce wa memori, ya kusa cika, mai gadin zai yi gargaɗi a adana aiki kafin komai ya tsaya cak. Shi kuma gwajin, aikinsa ya duba ko mai gadin a farke yake. Yana cika wurin da gangan, ya ɗan jira, ya duba ko an yi gargaɗin. In an yi, allo ya nuna kore, in ba a yi ba ya nuna ja. To gwajin nan ba shi da alƙibla. Da safe kore, da rana ja, ba wanda ya taɓa komai. Kamar fankar ɗakinmu, sai ta ga dama take juyawa.

Ni da na iya karatu yanzu, na ce lokacina ya yi. In ta fara bayani sai in tare ta in tambayi ma'anar kalma. In ta tashi shan ruwa ni ke gadin allon, da ya koma ja in ƙwala mata kira. Har shawara na ba ta. Na ce tunda yakan yi kore da kansa, ta yi ta sake kunna shi har ya yi, ta tura wa shugabanta a wuce wurin. Anti, kallon da ta yi mini ban taɓa ganin irinsa a idonta ba. Ta ce masu ƙananan wayoyi ne ke amfani da manhajar, in mai gadin barci yake yi aka rufe ido, mutum zai wuni yana aiki ya ɓace masa a banza. Tun daga ranar, da na shigo sai ta toshe kunnenta da abin sauraro.

Sai ga Gwaggo ta zo. Gwiwa ba ta barinta zama a ƙasa, falo kuma jikata ta cika shi da hayaniya, sai aka ba ta kujerata. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba. Tana zaune tana saƙa hular jariri, ba ta cewa komai sai "to". Shekaranjiya ina wanke-wanke na jiyo muryar Auta ta bango, tana bayani tiryan-tiryan, da irin muryar da ta saba yi mini. Na rage famfo na kasa kunne. Tana cikin cewa gwajin yakan jira ɗan lokacin da aka yanka masa, sai ta katse maganar. Ashe nan ɓarakar take. In na'urar da ke gwajin tana ɗauke da wasu ayyuka, gargaɗin yakan makara, kafin ya iso gwajin ya riga ya duba ya ce babu. Kamata ya yi ya tsaya har gargaɗin ya zo. Na ji an ture kujera, na ji Auta tana ce wa Gwaggo ai ta cece ta, Gwaggo tana dariya tana tambayar me ta yi. Kofin da ke hannuna sai da na cuɗe shi har yatsuna suka yi zafi.

Wajen cin abinci Auta ta ce wa babanta Gwaggo ce injiniyar gidan nan. Kowa ya yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Wallahi ban ƙi Gwaggo ba, tun ina amarya muke zaman lafiya. Amma yanzu ko tarinta na jiyo daga ɗakin nan sai raina ya ɓaci. Jiya na kai mata shayi babu sukari, kuma ina sane. Ita da ba ta wahala da biro ba, ni da na zauna a benci da sa'o'in 'ya'yana ana koya mini baƙi, ita ce za a ce ta ceci Auta?

Kuma gyaran bai ƙare ba. Auta ta ce har yanzu gwajin yana yin ja jefi-jefi, saura ta daina cika wurin da gaske, ta riƙa nuna wa mai gadin kamar ya cika, don gwajin ya daina dogara da halin da na'urar ke ciki. Ranar Alhamis ta sama za su saki manhajar. Gwaggo za ta koma gidanta ranar Lahadi, Auta ta ce za ta ɗauki kwamfutarta ta bi ta, wai can ya fi shiru. Na san irin wannan tafiya. Ana cewa 'yan kwanaki ne, daga baya a aiko ɗaukar teburi. Maigida ya ce magana tana hannuna, in na ce a'a ba za ta je ba. In hana ta? In na hana, tana gida amma kunnenta a toshe. In na bari, ban san ko za ta dawo ɗakin nan ba. Don Allah ki ba ni amsa kafin Lahadi.

Uwar Auta

Wa alaikumus salam, Maman Auta. Kada ki hana ta. Yarinya tana da aikin da ake jira ranar Alhamis, kuma gaskiya ta faɗa, tana bukatar shiru. In kika tsare ta, duk jan da gwajin ya sake yi ke za ta gani a ciki.

Abin da Gwaggo ta yi mata shi ne abin da kika yi shekaru kina yi: ta zauna ta yi shiru, Auta ta ji maganar kanta da kunnenta har ta kama inda ta kauce. Masu wannan sana'a sun san haka, wasunsu har 'yar agwagwar roba suke ajiyewa a tebur suna yi mata bayani. Ba ilimi Gwaggo ta fi ki ba, kuma ba ta ƙwace miki komai ba, gwiwa ce ta zaunar da ita. Ki mayar mata da sukarinta.

Akwai inda kika yi kuskure. Tambaya a tsakiyar tunani tana yanke zaren, kiran ta a duk lokacin da allo ya yi ja kuma ƙara mata zafi ne kawai. Shawarar a yi ta sake kunnawa har ya yi kore ita ta fi yi mata ciwo, domin ce mata kika yi ta rufe aibu ta sa hannu, ita kuwa mutanen da za su yi asara take gani. Wannan ɗaya ki ba ta haƙuri a kai, a taƙaice, kafin ta tafi. Amma ita ma ba ta kyauta ba. Ba a amsa wa uwa da toshe kunne, kuma raha a gaban jama'a tana iya zama wuƙa ba tare da mai yin ta ta sani ba. Ina kyautata zaton ba ta san saboda ita kika shiga aji ba. Ki gaya mata, amma bayan Alhamis, ku biyu, ba a gaban babanta ba.

Ranar Lahadi ki haɗa mata kayanta da hannunki, ki tambaye ta ranar dawowa a gaban Gwaggo, da fara'a. In ta dawo ta kira ki ɗakin, ki shiga da abin yi a hannu, ki juya wa allon baya, ki tara tambayoyinki sai ta rufe kwamfuta. A lokacin za ta so mai tambaya, kuma bayanin da kika yi mini na gwajin nan ya nuna kin fahimce shi fiye da yadda kike zato.

Mai yiwuwa a gidan Gwaggo ne gwajin zai tsaya a kore. Za ki ji zafi, ba laifi, ki ji shi. Ki dai zama ta farko da za ta kira ta yi mata barka. Allah Ya ba Auta sa'a, Ya sanyaya miki zuciya, Ya bar ku tare.