Gurbin Yatsa a Littafin Hajja Zuliha

Litinin, 3 ga Rajab 1272

Shekara goma sha biyu ina kwafar littattafai a Birni, har daga Zarmu ana aiko mini, amma yau Malam Idirisu mai zayyana ya sa ni niƙan jar ƙasa tun hantsi. Ni da na zo koyon gyaran tsohuwar zayyana. Da na haɗa launin, ya dangwala ya kai harshensa. Na saki baki ina kallo. Ya ce ƙaro ya yi yawa, in ƙara ruwa. "Launin gyara ba a ɗaure shi tamau, Suma'ila." Ban gane ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya.

Alhamis, 6 ga Rajab

Wata dattijuwa daga Zango, Hajja Zuliha, ta kawo littafin addu'o'in marigayi mahaifinta a cikin gafaka. Ita ba ta karatu. Gara ta ci gefen shafuka bakwai. Malam zai tafi ta'aziyya Takaya, ya bar mini aikin. "Liƙe inda gara ta ci," abin da ya ce ke nan.

Asabar, 8 ga Rajab

Na liƙe. Amma shafin farko ya tsaya mini a rai. Zayyana ce ja da rawaya mai kyau ƙwarai, sai kusurwar ƙasa ta koɗe, ta yi baƙi da maiƙo kamar gindin tukunya. Mutane ba su san darajar abu ba. Ba a sa ni ba, amma zan mayar da ita sabuwa, Malam ya dawo ya ga hannu.

Talata, 11 ga Rajab

Jiya da dare na gama sabunta kusurwar.

Hajja ta zo, ta buɗe, ta rufe. "Ɗan nan, wannan ba na babana ba ne. Ina kuka kai nawa?" Na yi dariya, na zaci yabo ne. Ita ba ta yi ba. Ta ce musanya aka yi mata, in Malam bai fito da nata ba sai gaban alƙali.

Ni, cin amana? Mai kwafa in aka ce ya musanya littafi, ko allo ba mai sake ba shi riƙo a Damagaram.

Laraba, 12 ga Rajab

Ban iya cin komai ba. Matata Kulu ta ɗauke tuwon ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, 13 ga Rajab

Malam ya dawo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zaunar da Hajja a zaure gaban shaidu biyu, ya ce, "Hajja, da me kike gane naki?" Ta ce da gurbin babban yatsan babanta a kusurwar shafin farko. Nan yake riƙewa kullum bayan asuba, shekara arba'in, tun tana yarinya tana jingina da gwiwarsa.

Sai Malam ya jiƙa auduga ya ɗora kan aikina. Na kusa riƙe masa hannu. Kwana uku na wahala suka bi auduga a shafa huɗu. Tsohon launin ko gezau, nawa ne kawai ya tashi, saboda ruwan nan da ya sa na ƙara wa launin ran farko. Baƙin gurbin ya fito yadda yake.

Hajja ta sa nata yatsan a ciki. Ta daɗe a haka. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Malam ya miƙo mini audugar. "Wanke ƙoƙunan, gobe da aiki."

Asabar, 22 ga Rajab

Sule majemi ya kawo nasa littafin, da tabon man fitila a shafi na uku. Na haɗa launi, ya bushe a ƙoƙo ban taɓa ba. Zafin bazara ne, ba wani abu ba.

Littafin Baba da na kwafe sabo fes bayan rasuwarsa yana nan a gafakata. Tsohon na bayar. Tun azahar nake ƙoƙarin tuna wa na ba.