Lasisin Oklahoma Ya Mai Da Ni Baƙo a Garinmu

Inna Wilma,

Ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, karatuna kuma bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. Shekarata ashirin da huɗu. An san ni da haƙuri, har mahaifiyata kan ce ko rufin ɗaki ne zai faɗo min, sai na jira ya gama faɗowa sannan in tambayi dalili. To wannan karon haƙurin ya ƙare. Kwana shida ke nan ina tafasa kamar lagireto.

A garin nan aka haife ni. Kakana yana cikin leburorin da suka yi dakon bulon da aka gina kwalejin gundumarmu. Mahaifina ya rasu ina da shekara sha shida, na bar makaranta na shiga aikin gona. Kabarinsa yana bayan cocinmu, in ka tsaya a wurin kana hango tankin ruwan kwalejin. Duk shekara mahaifiyata tana biyan harajin gida, ga kason kwaleji nan a jikin takardar ɓaro-ɓaro. Yau wannan kwalejin ce ta dube ni ta ce ni ba ɗan jiharmu ta Kansas ba ne.

Ga yadda aka yi. Shekara biyar ina bin ayarin masu girbin alkama. Kin dai san aikin, a fara daga kudu a watan Mayu, alkama tana nuna ana bin ta arewa, sai sanyi ya kama sannan a ga gida. Maigidanmu, Orval Stucky, mutumin jihar Oklahoma ne, maƙwabciyarmu ta kudu. Bara, ana saura mako biyu mu tashi, direbansa na babbar mota ya gudu. Orval ya ce min, "Kai dogo, ka fi wancan ragon iya tuƙi, lasisin babbar mota kawai ka rasa. In ka koma garinku sai alkama ta zube a ƙasa kana bin layi. Nan ran Talata ake gwaji. Rubuta adireshin gidana, kowa haka yake yi." Na rubuta. Na ci gwajin, suka karɓi lasisina na Kansas suka huda shi, suka ba ni nasu. Duk zamana a Oklahoma kwana tara ne, a wata mota mai ɗakin kwana da ke bayan rumbun Orval, tare da karensa mai wari.

A wannan yawon ne na lura da wani abu. In injin girbi ya tsaya a tsakiyar gona, tun daga ƙararsa nake sanin abin da ya same shi. Amma sai mu zauna a inuwar taya mu jira makaniken kamfani, ya zo da 'yar kwamfutarsa da farar riga, ya faɗi abin da na riga na faɗa tun da safe, ya karɓi abin da nake samu a mako guda. Bambancina da shi takarda ce. Shi ya sa na yi sanyin shekara biyu ina karatu a teburin kicin, har na ci jarrabawar da ke madadin takardar sakandare. Tun watan Nuwamba ina gida, ina aiki a rumbun hatsi na ƙungiyar manoma, ban bi Orval bana ba. Na nemi kwas ɗin gyaran injin dizal a kwalejin, mutum sha takwas suke ɗauka a shekara, na zo na sha bakwai. Mahaifiyata ta toya fanke ta kai coci tana rabawa kamar an yi mata jika. Na gaya wa na rumbu zan bari ƙarshen wata, har sun ɗauki wani.

Ranar Alhamis na je rajista. Wadda ke zaune a tagar rajistar kuwa Uwargida Verna Penner ce, wadda ta koya min a makarantar Lahadi, wadda ta yi mako guda tana kawo mana abinci da mahaifina ya rasu. Ta yi murna da ganina. Na miƙa takardu, ta ce in kawo lasisi. Tana ganinsa fuskarta ta canza, ta ce, "Wayyo ɗana, wa ya kai ka?" Wai dokarsu ita ce sai mutum ya nuna shaidar zama ɗan jiha na wata shida kafin a buɗe aji, ni kuma katin da ke hannuna ya ce gidana yana Oklahoma. Don haka kuɗin baƙi zan biya, kusan ninki uku. Abin da na tara ko zangon farko ba zai kai ba.

Na yi dariya, na zaci wasa take. Na ce, "Uwargida Penner, ke ce fa kike share min majina a coci." Ta ce, "Ni na san ka, ɗana, takarda ce ba ta san ka ba." Ta tambaye ni ko ina da takardar haya, ko ta wuta, ko ta ruwa. Wace haya? A ɗakin da na yi rarrafe nake kwana. Gida da wuta da ruwa duk da sunan mahaifiyata suke. Ashe laifi ne mutum ya zauna da uwarsa.

Abin da ya fi ƙona min rai, a gabana aka sallami wani yaro da suka taso daga jihar Colorado wata bakwai da suka wuce. Ko sunan titin da kwalejin take bai iya faɗa daidai ba. Ya zaro takardar haya da ta wuta, aka buga masa hatimi, ya zama ɗan gari. A bango kuma, daidai saman kan Uwargida Penner, ga wata ƙatuwar sanarwa da hoton wani mai sanye da hular walda yana murmushi, an rubuta wai kwalejinmu ce, ta mutanen gari ce.

A nan ne na faɗi abin da nake jin kunyar rubutawa. Na ce mata, "Ashe abincin makokin nan ma baƙi kika kai wa." Idonta ya yi ja. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wata takarda ruwan ɗorawa, ta zagaye wani wuri da biro, ta yi ɗan rubutu a gefe, ta turo min. Na duƙunƙune ta na fita, na jefa bayan kujerar motata. Gaskiya, rubutun ƙanana ne, ni kuma har yanzu da yatsa nake bin layi in ina karatu, ba zan tsaya ina haka ba a gaban yara 'yan shekara sha takwas. Har yau ban taɓa ta ba. Na san abin da ke ciki, a'a ɗin nan ce dai aka ja mata wutsiya.

Ranar Lahadi na wuce ta a ƙofar coci ban gaishe ta ba. Mahaifiyata ta gani, tun daga ranar sai ta ajiye min abinci ta koma ɗaki.

Abokina Lyle ya ce ni wawa ne. Ya ce, "Malam mai gaskiya, je ka canza lasisin gobe, ka cika sabon fom, inda aka tambaya ko ka riƙe katin wata jiha cikin wata shida ka ce a'a. Ka je lokacin da tsohuwar ta fita cin abinci. Wa zai tono?" Wani lokaci sai in ga ai ba ƙarya ba ce, tunda ni ɗan nan ne. Wani lokaci kuma sai in ji kamar in je taron hukumar kwalejin in karanta musu sunan kakana har su ji kunya. In na ce zan jira wata shida, gurbin ya tafi, sai wata shekara, aikin rumbu ya tafi, in Mayu ta zo dole in koma wa Orval, in sake ɓacewa daga gari rabin shekara su sake cewa ba su san ni ba. Juma'a mai zuwa ce ranar ƙarshe ta biya, wanda bai biya ba a ba na bayansa.

Inna, wace irin doka ce wannan da ta san takardar wuta ba ta san kabari ba? In bi maganar Lyle?

Baƙo a Garin Ubansa

*

Ɗana,

Fushinka yana da tushe, ba zan ce ka haɗiye shi ba. Ni ma da na kai wurin yaron Colorado sai da na ajiye wasiƙar na zagaya ɗaki. Dokokin nan an yi su ne da tunanin mutumin da ke zaune wuri ɗaya, mai haya da sunansa. Wanda ya rubuta su bai tuna da masu bin alkama ba, alhali gurasar da ke teburinsa daga hannunku ta fito. Wannan abin a faɗa wa hukumar kwalejin ne, kuma ina fatan wata rana ka faɗa musu, kana ɗalibinsu.

Amma tsaya ka ji ɗaya ɓangaren. Ba kwaleji ce ta fara cewa kai ɗan Oklahoma ne ba. Kai ka faɗa, da hannunka, ranar wata Talata, don aikin Orval ya tafi. Ka dawo tun Nuwamba ba ka gyara ba. Dokar kuma da kake zagi, harajin mahaifiyarka take karewa, don kada kowa ya tsallako iyaka ya ari adireshi ya ci rangwamen da ita ta biya. Wato abin da ka yi a can shi ake hanawa a nan.

Saboda haka maganar Lyle ka bar ta inda ka ji ta. Adireshin aro ne ya jefa ka ramin nan, amsar aro ba za ta fitar da kai ba. Fom ɗin da sa hannunka zai tafi, in aka gano, ba gurbi kaɗai za ka rasa ba. A garin da kowa ya san motar kowa kuma, kada ka yi zaton ba za a gano ba. Wa ka zaci zai shigar da fom ɗin in ta dawo daga cin abincin?

Ka ce ba ka da komai da sunanka. Kana da shi. Wata tara kana karɓar albashi a rumbun hatsi, kowace takardar albashi da adireshin gidanku. Ka haɗa su duka. Ka haɗa da takardar harajinka ta bana, da rajistar motarka, da ta zaɓe in kana da ita, da takardar jarrabawar da ka ci. Mahaifiyarka ta rubuta cewa a gidanta kake zaune, a buga mata hatimin shaida. Ka kira Orval ya rubuto cewa aikin kaka kake yi masa, ba a can kake zaune ba. Zai yi ta noƙewa, don shi ma da hannunsa a ciki, in ya ƙi ka wuce ba shi. Lasisin ka je ka mayar na Kansas a makon nan, in an tambaye ka kuma ka faɗi yadda aka yi. Ka kuma je wurin malamin kwas ɗin da kanka ka gaya masa halin da ake ciki. Malamin da ya ga mai gane ciwon inji da kunne ba zai so ya rasa shi ba, wataƙila ya san hanyar biya kashi-kashi kafin a gama duba maganarka. Ni ba lauya ba ce, ba zan yi maka alkawarin za ka ci ba. Amma mai taga ba ita ce ƙarshen magana ba a yawancin makarantu, akwai masu sake duba irin wannan hukunci.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Kai mai lura ne, ka ga idonta ya yi ja, ka ga ta zagaye wuri da biro, ka ga ta yi rubutu a gefe. Ɗana, na daɗe ina shiga ofisoshi, ban taɓa ganin ma'aikacin da ya ɓata tawadarsa yana zagaye a'a ba. Abin da ake zagayewa kwanan wata ne, abin da ake rubutawa a gefe kuma suna ne ko lambar waya. Ina kyautata zaton takardar neman a sake duba hukunci ce, kuma ranar da ta zagaye tana iya riga Juma'arka zuwa. Ka faɗa mata maganar da ta fi kowace ciwo, ita kuma da hannun da ka ɓata wa rai ta miƙo maka abin da take da iko a kai.

Ajiye jaridar nan ka fita wurin motar yanzu. Ka warware takardar a kan teburin kicin ɗin da ka ci jarrabawa, ka bi ta da yatsa layi-layi, babu mai kallonka. Yatsan nan shi ya kawo ka na sha bakwai cikin sha takwas, ba abin ɓoyewa ba ne. In ka gama, kada ka jira Lahadi. Ka je gidan Uwargida Penner, ka cire hularka a bakin ƙofa, ka ce mata abincin nan ba baƙi ta kai wa ba.

Allah ya ba ka gurbin, ya sa mahaifiyarka ta dawo teburin cin abinci.

Inna Wilma