Ma'aunin da Kuka Ce Ƙarya Yake Yi

Zuwa ga Shugaban kamfanin jirgin ƙasan da muka shiga ni da mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali suna lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, daga Wurno. Na kai kukana ofishinku aka ce in dawo, na dawo aka ce oga ya fita. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani.

Cikin bazarar da ta wuce na ɗauki Inna zuwa asibitin ido, za a cire mata yana. Babu layin dogo a wajenmu, sai da muka sha tafiyar mota kafin mu kai tasharku. Mun zaɓi jirgi don sauran hanyar ba ta da tsaro, ga Inna da hawan jini. Ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Ta yi ta murna kamar yarinya, har tana raba wa baƙi soyayyen kifin Goronyo da ta ƙullo.

Na farko. Rana na tsaka muka ji ƙauri, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin taragonmu, jirgi ya tsaya cak a daji. Wani ma'aikacinku, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kar a huce a kansa, ya yi mini bayani. Ashe a jikin ƙarfen da ƙafafun tarago ke juyawa a kai akwai ma'aunin zafi, aikinsa ya sanar da direba tun kafin ƙarfen ya ƙone. Ya ce namu ya daɗe yana ƙara, sai aka ce ƙarya yake yi, aka zare wayarsa don a huta. Haba, ranka ya daɗe! Rayuwata duka a kan awon zazzaɓi na ƙarar da ita. Marasa lafiya da yawa sun ce mini ma'aunina ƙarya yake yi, amma ban taɓa jefa shi a aljihu na sallami mai zazzaɓi ba. Idan ina shakka, wani nake ɗaukowa in sake awo.

Na biyu. Da aka so a ja mu a hankali zuwa tasha ta gaba, birki ya ƙi saki. Iskar da ke sa shi ya saki tana zurarewa, ma'aunin da ya kamata ya nuna ƙarfinta kuwa allurarsa ta daɗe da sandarewa. Haka ma'aikata suka yi ta bin taragai ɗaya bayan ɗaya suna kasa kunne, suna laluben inda take fita. Na tausaya musu wallahi, su ma zufa suke sha.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. An kashe na'urar sanyaya tarago, tagoginku kuma ba sa buɗuwa. Aka hana mu sauka saboda tsoron daji. Ruwa ya ƙare. Inna ta fara cewa kanta na sarawa. Na ciro na'urar awon jini daga jakata, na ɗaura mata, na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Na ba ta magani, na yi mata fifita da kwali, na sake awo, yana ta hawa. Ina gani da idona, na san ma'anarsa sarai, ba ni da abin yi. Kafin la'asar bakinta ya karkace. Ta cika a kan cinyata kafin jirgin ya motsa.

Na san ajali ne, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma mi ya hana a sauya waɗannan ƙananan na'urori tun a tasha? Wannan tambayar ce ke cina, kuma baƙin cikinta bai ragu ba har yau.

Ga roƙona. Kada tarago ya sake barin tasha da mataccen ma'auni. Wanda ya yi ƙara a duba shi, a daina kashe masa baki. A sa tagogin da za a iya buɗewa, a ajiye ruwa da kayan taimakon gaggawa. Diyya kuwa ba na so, ku riƙe abinku.

Inna ta sha gaya mana a rufe ta a Wurno kusa da mahaifinmu. Zafin nan bai bari ba. A garin tasha ta gaba aka yi mata sutura, mutanen da ba su san ko sunanta ba suka sallace ta, Allah ya saka musu da alheri. Ni mace ce, ban bi su maƙabarta ba. Da ƙannena suka je ziyara bayan damina, an rasa mai nuna musu kabarin.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare fasinjojinka. Allah ya ja da ran mahaifiyarka, in lokacinta ya yi kuma, ya sa a rufe ta a inda za ka san wurin.

Wassalam.

Ɗiyar marigayiya,
Wurno.