Na Katse Fatihar Baban Hawwa

Daren Litinin, watan Sha'aban

Barci ya ƙi zuwa. Tun da na fita takaba, yau na fara shiga garin Managil. Na je warsha, garejin da aka canja wa boksi, a-kori-kurar mijina Baban Hawwa, baƙin mai. Ba su ɗaure notin ƙasa sosai ba, man ya tsiyaye a hanya, injin ya ƙone. Motar nan ce ke kai tumatirinmu kasuwa, ita ce abincin yarana.

Tun a cikin bas nake shirya abin da zan faɗa. Da usta, mai warshar, ya hango ni, sai ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya ɗaga tafukansa. Ni kuwa na riga na fara: "Kada ka ɗaga mini hannu! Ku kuka kashe motar, ku za ku gyara!"

Bai sauke ba. Leɓɓansa na motsi. Ashe Fatiha yake yi wa mijina, yadda ake yi in an haɗu da wadda aka yi wa rasuwa. Da ya shafa ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, hajja. Ban samu zuwa gaisuwa ba."

Ko amin na kasa cewa. Na ja mayafi na fito.

Baban Hawwa, ka yafe mini, addu'arka na katse da bakina. Duk da haka su suka ɓata motar. Gobe dole in koma, tumatir ya nuna. Ban san da wane ido zan dubi mutumin nan ba.