Sana'arki da Na Ƙi Rubutawa

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaiki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma sai dai in karanta miki, kina ninke kaya kina cewa in ɗaga murya. Yau wata huɗu ke nan da aka yi miki salla a Harami, nan Makka.

Gida lafiya. Yaya Habibu ya koma unguwar Rusaifa da iyalinsa, ya bar min ɗakinki na unguwar Utaibiyya. Matarsa ta sauka, mace aka samu, an mayar da sunanki. Igiyoyin shanyarki suna nan a saman bene, na hana kowa kwancewa, har mun yi cacar baki da mai gidan.

Littafin nan da kike cewa ya cinye miki 'ya ya fito. Kin sha tambayata abin da ke ciki, ni kuwa in ce tarihi ne, ba za ki gane ba. Ji rashin kunya. To bari in faɗa miki yau. Labarin matan Turai ne masu wankau, tun kafin a ƙera injin wanki. Suna durƙusawa a bakin kogi cikin sanyi har hannuwansu su tsattsage, da shi suke riƙe gida, amma in ma'aikacin ƙidaya ya zo sai ya rubuta sana'ar miji, a gaban sunan matar ya ja layi. Shekara biyar ina Faransa ina tono sunayensu a tsofaffin takardu, ina tsine wa ma'aikatan nan a raina.

Ya Ummi, ni ma na ja layin. Ranar da na cike takardar neman tafiya karatu, wajen sana'ar uwa na rubuta "rabbat bait", wai zaman gida kawai kike yi. Ke da kika shekara talatin kina wankin haramin alhazai, in an sauko daga Muzdalifa ba a ganin ƙasan ɗakinmu don tulin kaya. Gudu nake kada a ce 'yar mai wanki ce. Malamaina suna ta yaba yadda na san zafin sabulu a tsagar hannu, wallahi ban taɓa ce musu a hannunki na gani ba.

Na san sunan wata Baturiya da ta mutu tun ba a haifi kakata ba, na san kogin da take wanki. Ke fa? Wa ya koya miki? Shekararki nawa da kika fara? Ban taɓa tambaya ba. Ihu bayan hari, makon jiya na ɗauki littafi da biro na nufi wajen Goggo Tabawa, aminiyarki da kuka yi sana'ar tare, don ita kaɗai ta rage da ta san labarinki.

Na makara, tsufa ya taɓa mata kai. Ina shiga ta kama hannuna ta kira ni da sunanki, tana faɗan na daina leƙo ta. Na kasa gyara mata. Sai ta tambaye ni ko 'yar nan tawa mai karatu ta dawo. Ta ce in daina kuka a kan takardar nan haka, yarinta ce, wata rana za ta yi hankali.

Na tsare Yaya Habibu. Ya ce ke kika sa ya karanta miki takardar neman karatun nan ranar da ya zo sa mata hannu, kika kuma rantsar da shi kada in ji.

Ashe kin sani. Kin sani kika wanke min kayan tafiya da hannunki, kika goge, kika jera a akwati, kika raka ni har bakin mota ba ki ce uffan ba. Me ya hana ki zage ni, Ummi? Da kin zage ni, da na samu bakin roƙon gafara tun kina ji.

Ki yafe min. Allah ya haskaka kabarinki, ya hutar da hannuwan nan.

'Yarki,
Sa'adatu, 'yar mai wankin Utaibiyya