Ƙanin Mijina Ya Sa Surukata Ta Yi Shiru

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Surukata tsohuwar nas ce, shekara talatin ta yi a ɗakin haihuwa. A zamaninsu an koya musu kwantar da jariri rub-da-ciki, haka kuma ta koya wa ɗaruruwan mata. Da na haihu, likita ta ce rigingine ake yi yanzu, bincike ya nuna ya fi tsaro. Kwana uku ina jin nauyin gaya wa surukar tawa. Da na daure na faɗa, ba ta yi musu ba. Ta sa tabarau ta karanta takardar da likita ta ba ni har ƙarshe, ta tashi da kanta ta juya jikarta. Washegari ta yi ta kiran 'ya'yan ƙawayenta masu goyo tana gyara abin da ta koyar. Wallahi ban taɓa ganin mace irinta ba.

Sai ƙanin mijina, ɗalibin jami'a, ya ce a gabanta, har da dariya, wai kimiyya yayi ce kamar ɗinki, daidai da kuskure ma mutanen kowane zamani ne ke tsara abinsu. Tun ranar ta daina ba ni shawara, ko kan wanka. Ni kuma in gaskiyarsa ce, a kan me zan tarbiyyantar da 'yata?

Mai jego

*

Mai jego, barka da arziki.

Ƙanin mijin naki bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mutane ne ke yin kimiyya, zamani yana shafarsu, kuma abin kunya a wani gida ba komai ba ne a wani. Amma ya yi tuya ya manta da albasa. Ba marmari ne ya canza shawarar likitoci ba, lura aka yi da abin da ke samun jarirai, aka ga hujja, aka gyara. Yayi ba ya neman hujja.

Ki dubi surukarki. Da can lafiyar jariri take nema, yanzu ma ita ce. Ta fifita ta kan girmanta na shekara talatin. Wannan hali ban san zamanin da ya zama abin dariya ba.

Tunda abokin wasanki ne, ki tambaye shi: in malaminsa ya danne masa maki, zai ce zalunci ma ra'ayi ne? Sannan mijinki ya sa shi ya ba ta haƙuri. Ke kuma kada ki jira ta fara magana. Ki miƙa mata jaririyar, ki roƙe ta ta nuna miki wankan, ki faɗa mata yadda ta burge ki, da bakinki.

Allah ya raya, ya ba ta halin kakarta.