Ƙadangare a Ƙarƙashin Kujerar Baba Awo

Ranar Lahadi

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi ƙarfin kunnenki na hagu, don haka Auta ki zagaya ta dama ki karanta mata da ƙarfi. Ya jiki, ya gwiwa? Ina fata kina shan maganin nan, ba tura shi kike yi ƙarƙashin filo ba. Ya Inna da sauran mutanen gida? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarki, ita ma ba ta hana ni cin abinci ba.

Kin ce in riƙa ba ki labarin shagon kafintocin da nake aiki. To, gyara zama. Maigida ya ce ya gaji, ya miƙa shagon ga babbar 'yarsa, muna ce mata Manaja. Ranar da ta fara, mun zaci wa'azi za mu sha. Sai ga ta da ɗan littafi tana bi benci benci, tana tambayar kowa abin da ya fi damunsa a wurin. Da ta zo kaina na ce zafi, kuma in da hali a ɗaura mini fanka a ƙeya. Wallahi tsokana nake yi, Kaka. Sati bai zagayo ba sai ga fankoki huɗu a rufi. Tunda nake, ban taɓa yin shaƙiyanci ya haifi abin kirki ba sai ranar.

Yanzu akwai shayi da safe, akwai abin rufe hanci saboda garin katako, kuma duk wanda aikinsa ya fita ba a dawo da shi gyara ba, yana ganin ƙari a albashinsa. Ta san sunan kowa, ta san wanda matarsa ta haihu da wanda ɗansa ke kwance. Mutanen da a da sai rana ta take suke shigowa suna hamma, yanzu su ke jiran a buɗe ƙofa.

Amma abin da ya fi tayar da ƙura shi ne hatimi. Ta sa an ƙera wa kowane kafinta hatimin ƙarfe da alamar da ya zaɓa. In ka gama kujera, sai ka gasa hatiminka a wuta ka manna a ƙarƙashinta, duk inda ta je a san hannun wa ta fito. Ni ƙadangare na zaɓa, don na tuna yadda kike tsalle in kin gan shi a bango.

Babban kafintanmu tauraro ya zaɓa. Baba Awo muke ce masa, don ko burodi zai yanka sai ya auna. Shekararsa talatin a kan benci ɗaya, wanda ke bakin taga, kuma ba wanda ya taɓa ganin haƙoransa. Na gwada, Allah ya sani. Na taɓa manne masa kofin shayi a benci da gam. Ya ja, ya ƙara ja, ya dubi kofin, sai kawai ya mayar da shi mazubin ƙusoshi. To wannan mutumin, da aka yi maganar ƙarin kuɗi ko ɗaga kai bai yi ba, amma da aka miƙa masa tauraronsa, ya daɗe yana juya shi a hannu, ya goge shi da bakin riga. Na ji yana gaya wa mai fenti cewa shekara talatin kujerunsa na fita daga ƙofar nan kamar marayu.

Ƙarshen wata akwai gasa. Wani gidan abinci ya ba mu aikin kujeru iri ɗaya, kowa zai fitar da guda a duba. Wanda ya ci zai sami ambulan ɗin kuɗi, a kafa hotonsa a bango, a ba shi hutun kwana biyu. In kuma irina ne, marar benci, har benci za a ba shi. Kin san shekara biyu ina gugar katako da samfefa, sai wata huɗun nan aka fara bari na haɗa kujera a gefen bencin mutane. Ki taya ni da addu'a, amma ki faɗi sunana daidai, kada ladan ya tafi wurin Auta.

Ki gaishe da Inna. Allah ya ƙara miki lafiya da haƙurin zama da mu.

Jikanki,
Shaƙiyyi

Ranar Asabar

Kakata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ki a zaune, don in a tsaye kike za ki faɗi. Ya gwiwa? Ya Inna?

Jikanki ya ci gasa. Hotona na bango, na yi murmushi har kunne. Sai dai akwai ɗan bayani, kuma Auta, in kika kai wannan bayanin kunnen Inna, ni da ke ne.

Ranar Laraba aka gama fenti, kujeru suka bushe, saura hatimi. Baba Awo ya fita salla ya bar tauraronsa a kan benci. Ni kuma shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata. Na ce bari in ga fuskar Baba in ya kifa kujerarsa ya tarar da ƙadangare. Na gasa nawa na manna a tasa, na gasa nasa na manna a tawa. Niyyata ya gani, ya yi faɗa, a yi dariya, a kankare. Kafin ya dawo, masu ɗauka suka kwashe kujerun gaba ɗaya zuwa ɗakin nuni, Manaja ta kulle. Da ya tambaya, suka ce dukkan kujerun da hatimi suka gan su, shi kuma ya ɗauka wani ya taya shi.

Jiya aka tara mu. Manaja da mai gidan abincin suka bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, su shafa, su girgiza, su zauna. Suka tsaya a kan wata, mai gidan abincin ya ce wannan ko jikansa zai gaje ta. Aka kifa ta, sai ga ƙadangare. Kaka, shagon ya ɗauki ihu. Mai fenti ya ɗaga ni sama har kaina ya kusa taɓa fanka. Na buɗe baki zan yi magana, aka cusa mini ambulan a hannu, aka ce in dubi kyamara. Daɗin tafi wani abu ne, ban san haka yake shiga jiki ba. Na rufe bakina.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Ita kujerata ta gaskiya ƙafarta ɗaya ta ɗan gaza, na manna mata siririn katako a ƙasa na shafe da fenti. Manaja na zama, abin ya ɓalle, kujera ta fara rawa da ita. Aka kifa, sai ga tauraro. Baba Awo ya matso, ya dubi ƙafar, ya dubi tauraron, ya koma bencinsa.

Na san abin da za ki ce, don haka ki adana numfashinki. Zan gyara. Ina dai jiran lokacin da ya dace. Ambulan ɗin na nan ban buɗe ba, kada ki fara lissafin zannuwa.

Ki huta lafiya.

Jikanki gwarzon wata,
Shaƙiyyi

Ranar Alhamis

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da Auta. Saƙonki ya iso. Auta ta rubuta duk abin da kika faɗa, har da wurin da kika ce kaina kamar tulu. Ban yi musu ba.

Abin ya wuce inda na zata. Manaja ba ta yi wa Baba Awo faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kiransa ta yi ofis, ta ba shi kujera, ta ce ta san shekaru sun ja, ido kuma ba ya shawara da mutum. Ta ce za ta kawo likitan ido ya duba shi da kuɗin shago, kuma daga Litinin zai koma kula da ɗakin ajiyar katako, albashinsa ba za a taɓa ba, har da ɗan ƙari. Ita a ganinta gata ta yi masa. Bencin da aka yi mini alkawari kuwa, ashe nasa ne, na bakin taga.

Tun shekaranjiya yake kwashe kayansa. Yana goge kowane zarto kafin ya sa a akwati, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Jiya na ga ya naɗe tauraronsa a tsumma ya kai wa Manaja, wai a ɗakin ajiya ba a buga hatimi. Ƙarin da ta yi masa ko tambayar nawa ne bai yi ba.

Ni kuma kowa sai kirana yake gwani. Hotona na kallona daga bango da wannan murmushin na marasa kunya. Shayi ma ya daina yi mini daɗi, kin kuwa san lamarin ya kai.

Tsoro nake ji, Kaka, ba zan ɓoye miki ba. Manaja tana da kirki, amma ta faɗa tun farko cewa hatimi amana ne, wanda ya yi wasa da na wani ya nemi wani shagon. In na yi magana, ƙila in dawo gida in zauna miki a ka. In na yi shiru, ranar Litinin zan tsaya a bencin mutumin nan ina kallon tagarsa. Da ya fita na gwada tsayawa a wurin, na kasa.

Gobe da safe wurin shayi zan faɗa, a gaban kowa, tunda a gaban kowa aka tafa mini. Ki sa Auta ta share ɗakina ko da za a buƙata.

Ki yi mini addu'a, wannan karon ba wasa.

Jikanki,
Shaƙiyyi

Ranar Lahadi

Zuwa ga Kakata, tsohuwa mai ran ƙarfe,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk gidan. Ki yafe mini shirun sati uku, hannuna ne bai huta ba. Auta ta bar sharar ɗakin, ba a kore ni ba.

Na faɗa. Na hau kan wani akwati da ambulan a hannu, muryata na rawa kamar kujerata, na zayyana komai. Mai fenti ya shaƙe da shayi. Manaja ta dube ni har na ji ina ƙanƙancewa, sannan ta juya ta tambayi Baba Awo ko ya sani.

Ya ce tun daga bakin ƙofa ya gane kujerarsa, ko a duhu zai gane ta. Ta ce to me ya hana shi magana har yana shirin barin benci? Ya ce abu biyu. Na farko, shi ya bar hatiminsa a yashe, kuma duk abin da tauraro ya hau, shi ne mai amsa shi. Na biyu, yana so ya ga ko yaron nan kafinta ne ko ɗan wasa ne kawai, ya kuma ba ni zuwa Litinin a ransa. Sai ya ƙara da cewa ya duba kujerar tawa da kyau, haɗinta ba laifi, awo ne babu, kamar wanda ya auna ƙafar da ido ɗaya yana kallon wanda zai tsokana da ɗayan. Aka kwashe da dariya. Kaka, na rantse miki gefen bakinsa ya motsa. Shekara biyu ina nema, ashe sai na tozarta kaina zan samu.

Manaja ta karɓe ambulan ta miƙa masa, ta sauke hotona ta kafa nasa. A hoton ma fuskar nan tamau, kamar an ce ya biya kuɗin iska. Ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta ce ta yanke masa hukunci da kujera ɗaya bayan shekara talatin, ba ta ko tambaye shi ba. Ta mayar masa da tauraronsa da hannu biyu. Ni kuma ta ce da ranar Litinin ta same ni a bencin nan, da na tafi. Tunda na faɗa da bakina, hukuncina yana hannun wanda na ɓata wa suna.

Baba ya ce a ba shi ni. Ya ja layi da alli a ƙarshen bencinsa, kamu uku, ya ce nan ne duniyata. Manaja ta ce daga yau duk babban da ya koyar da ƙarami har aikinsa ya tsaya, yana da nasa ƙarin da nasa yabon, ta kuma sa masa suna Malamin Benci. Ya yi kamar bai ji ba, amma washegari da sabuwar riga ya zo.

Likitan ido ya zo duk da haka, ta ce a duba kowa. Idon Baba garau. Ni ne aka ce ina buƙatar tabarau. Yanzu ina nan da gilashi kamar wani babban ma'aikaci, in kika gan ni sai kin gaishe ni da ladabi.

Sati uku ina kujera ɗaya. Sau huɗu yana sa ni in kwance ta. Ƙafa ɗaya sai na auna sau uku, in faɗa da ƙarfi, ya ce sake. Jiya na gama. Ya ɗora ta a kan siminti inda ya fi santsi, ya zauna, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya jingina da dukan nauyinsa. Ko motsi. Ya sha shayinsa a kanta har ya shanye, ni ina tsaye ina zufa a ƙarƙashin fanka. Sannan ya tashi ya ce in kawo ƙadangaren nawa. Shi da kansa ya gasa shi, ya kifa kujerar, ya ba ni ya ce in manna, ya dafa hannuna don kada ya karkace.

Kujerar ba ta cikin na sayarwa. Manaja ta ce in kai wa wanda nake so, ta haɗa mini da hutun kwana biyu, wannan karon na halak. Ina tafe ranar Juma'a da ita a ka. Ki tanadi wuri a inuwa, kuma in kin zauna ki zauna da ƙarfinki, ba abin da zai same ki.

Ki gaishe da Inna da Auta. Allah ya bar mana ke.

Jikanki, kafinta,
Shaƙiyyi